Yadda ake hawan duwatsun Gashaka-Gumti a ƙafa

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, in aka ce masa hawan dutse, Dala ko Kufena ne ke zuwa ransa: ka hau da silifas bayan La'asar, ka sha iska, ka sauko kafin a kira Magariba. Gashaka ba haka take ba. Gandun daji ne na gwamnatin tarayya, mafi girma a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita dubu shida, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe dajin Gashaka da na Gumti aka mai da su gandu guda. Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne da ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu kuwa duwatsu ne da kurmi da ƙoramu, kuma a can ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, wurin da ya fi ko'ina tudu a duk faɗin Najeriya.

Daji ne na kowa, amma ba a shigarsa yadda aka ga dama. Kuma mafi yawan waɗanda suke shan wuya a cikinsa ba ƙarfi ne ya gaza musu ba, lissafi ne: sun fita a makare, ruwansu ya ƙare, ko sun ƙarar da ƙarfinsu a hawa suka manta akwai saukowa. Ga yadda ake tsara tafiyar daga farko.

Zaɓi wata

Daga Disamba zuwa Maris, shi ke nan. Damina a Gashaka doguwa ce, takan fara tun wajen Afrilu ta kai Nuwamba, kuma ruwan da ake yi a can ya fi na ƙasar Kano nesa ba kusa ba. Da damina koguna suna cika, hanyar mota ta yanke, turbar ƙafa ta koma santsi. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, sai dai hazo kan rufe nesa, ka hau ƙololuwa ka kasa hango komai. Zuwa Maris rana ta fara zafi a kwari, ƙananan rafuka sun fara ƙafewa.

Kada ka haɗa wannan tafiya da azumi, ko na nafila ne. Na faɗa ne don na san akwai mai ƙarfin halin da zai gwada.

Je ofis kafin ka je daji

Hedikwatar gandun tana Serti, a ƙaramar hukumar Gashaka. Daga Jalingo ake bin hanyar Bali a isa Serti, kuma hanyar ce dai take wucewa ta hau tsaunin Mambila zuwa Gembu. Ka yi sammako daga tasha don ka isa da rana, ka samu ma'aikata ba su tashi ba.

A ofis za ka rubuta sunanka, ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da mai gadin daji, wanda ake ce wa renja. Karɓi rasit ka adana shi a leda. Riƙe katin shaidarka, domin kusa da iyaka za ka, kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Tambayi kuɗin komai a zaune tun kafin a tashi: na shiga, na rakiya, na kwana, na ɗaukar hoto in akwai, na 'yan dako in za ku kwana. Cinikin da aka yi a gindin dutse da jaka a baya, ba ya yi wa kowa daɗi.

Sannan ka yi tambayar da ta fi duk waɗannan: yaya lafiyar hanyar a wannan makon? Daji ne babba, akwai masu farauta ba izini, akwai masu haƙar ma'adinai, wani lokaci akwai rikici a wani yanki. Ma'aikatan ne suka san inda ake bi yau da inda aka daina bi. In suka ce kada a bi wuri kaza, ba a musu.

Wasu samari suna ganin ɗaukar renja ɓarnar kuɗi ce tunda akwai taswira a waya. Taswira ba ta san wane mashigi ne dorina ta koma ba, ba ta san turbar shanu da turbar mutane ba, ba ta kuma jin Fulatanci. Da ɗan gari kan ci gari. Kuma ka girmama shi: ba yaronka ba ne, jagoranka ne. In ya girme ka ka ce masa Baba ko Malam, ku ci tare, abin da ka sha ya sha.

Dokokin ba su da wuyar riƙewa. Ba farauta, ba shiga da bindiga, ba sare itace, ba cinna wa daji wuta, ba kamun kifi sai da izini, ba ɗibar tsiro ko ƙwai ko ɗan dabba a tafi da shi gida.

Zaɓi turba daidai ƙarfinka, ka lissafa awoyi

In wannan ne zuwanka na farko, fara daga ƙauyen Gashaka. Kusa da shi akwai tudun da kufan sansanin Jamusawa yake, tun zamanin da yankin ke ƙarƙashin Kamarun Jamus kafin yaƙin duniya na farko. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, wannan ƙasa ta shigo Najeriya. Hawan tudun gajere ne, kuma zai nuna maka ko gwiwarka da takalminka sun shirya. Daga nan sai turbar Kwano, cikin kurmi, inda masu binciken birai suka kafa sansani. Mai son ya ci gaba, tsohuwar hanyar ƙafa tana hawa har tuddan Chappal Hendu. Chappal Waddi kuwa yawanci ta wajen Mambila ake nufarsa, ta Nguroje da Njawai, a hau babur har inda babur ya gaza, sannan a sa ƙafa. Wannan tafiyar kwanaki ce, ba ta farkon shiga ba.

Kowace ka zaɓa, kada ka auna ta da kilomita kawai. Kilomita biyar a titin Zoo Road daban, kilomita biyar a jikin dutse daban. Akwai wani lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana aiki da shi: ba wa kowane kilomita biyar awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Misali turba mai kilomita takwas, wadda za ta ɗaga ka mita 900. Nisan ya ci awa ɗaya da minti 36, hawan ya ci awa ɗaya da rabi, jimla awa uku da 'yan mintoci. To amma wannan lissafin mai ƙwari ne, marar kaya, a turba mai kyau, ba hutu. A kurmin Gashaka, da saiwoyi da ƙetare ruwa da tsayawa sallah, ƙara rabin abin da ka samu a kai. Awa ukun nan ta zama kusan biyar. Zuwa kawai ke nan.

Daga wannan lissafin za ka fitar da abu mafi muhimmanci a tafiyar yini ɗaya: lokacin juyawa. Rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da shida da rabi, amma a ƙarƙashin manyan itatuwa duhu kan riga Magariba shigowa da kusan awa guda. Saboda haka sa a ranka ƙarfe biyar kana sansani. Cire awoyin dawowa daga biyar, abin da ya rage shi ne lokacin da za ku juya, ko kun kai ko ba ku kai ba. Ku faɗe shi da baki tun a ƙasa, kowa ya ji, kowa ya yarda. A sama ba a iya yanke wannan shawara, domin a can kowa cewa yake saura kaɗan.

Bar wa wani a gida sunan turbar, da ranar dawowa, da lambar ofishin gandun. Ka gaya masa in rana kaza ta wuce bai ji ka ba, ya kira.

Shirya ƙafa tun wata guda kafin tafiya

Ba sai ka shiga gidan motsa jiki ba. Samu bene mai hawa uku ko huɗu, ko tudun da ke kusa da ku, ka riƙa hawa da sauka da jaka a baya, sau uku a mako. Fara da jakar da ba komai, a hankali ka riƙa ƙara robobin ruwa a ciki. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, ya ga likita tukuna.

Takalmi kuwa, bari in daɗe a kansa, don a nan na taɓa ƙonewa. Na sayi sabo fil ana gobe tafiya, daidai ƙafata cif, ina ta murna. A hawa bai ce mini komai ba. Da muka juyo gangare, kowane taku sai babban ɗan yatsa ya daki gaban takalmin. Kafin mu isa ƙasa farata biyu sun yi baƙi, bayan 'yan makonni suka fita. Abin da na koya: takalmin dutse sau-ciki ne mai igiya, mai ƙasa mai haƙora, kuma ya ɗara ƙafarka kaɗan, yadda ɗan yatsan hannu zai shiga bayan diddige in ka tura ƙafar gaba. Saya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safar da za ka sa. Yi yawo da shi mako biyu ko uku kafin tafiya. Yanke farce ƙasa-ƙasa kwana biyu kafin a tashi. Za ka ga 'yan dako suna tashi sama da takalmin roba kamar ba dutse ba, kada ka kwaikwaye su. Ƙafarsu ta shekara talatin tana wannan aiki.

Tufafi: dogon wando mara nauyi, riga mai dogon hannu, hula mai baki. Ka guji jins, in ya jiƙe ba ya bushewa kuma yana goge cinya. Ka guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ne launukan da tsando ke bi, kuma akwai shi a kwarin Gashaka. Ruwan ƙasa ko ruwan toka sun fi. Mata su sa wando a ƙarƙashin riga mai tsayin gwiwa da ƙaramin hijabi, doguwar abaya tana kama ƙaya tana harɗe ƙafa a gangare.

Abin da ke shiga jaka

Jakar goyo mai hannu biyu, in da hali mai ɗamara a ƙugu. Nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Masu nauyi su zauna a tsakiya, jikin bayanka, abin da za ka buƙata a hanya ya zauna a sama.

Ruwa shi ne kan gaba: lita uku ga kowane mutum a yini, wato kilo uku ke nan. Zuba a gora ko roba mai murfi, ruwan leda yana fashewa a jaka kuma ledarsa ita ce ke ɓata daji. Haɗa da garin gishiri da suga na kemis ƙunshi uku ko huɗu. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzuri kuwa, mu ba mu da abin nema a waje. Dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, aya, kilishi, dambun nama, garin kwaki da suga, zuma a ƙaramar roba. Duk abincin matafiya ne tun zamanin fatake, ba ya lalacewa, ba ya nauyi. Sai dai kilishi da ƙuli suna jan ruwa, a ci su inda ake kusa da rafi ko da dare.

Sauran: tocila da batir na canji, ko da kun ce yini ɗaya za ku yi. Ashana a cikin leda. Usur. Ƙaramar wuƙa. Filasta, bandeji mai naɗi guda biyu, farasitamol, maganin ƙaiƙayi, da duk maganin da ka saba sha. Rigar ruwa ko babbar leda. Buta ƙarama. Ledar zuba shara. In za a kwana, tanti ko gidan sauro, tabarmar roba, bargo, tukunya, ganyen shayi.

Kada ka raina sanyi. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Tsakanin kwarin Gashaka da kan Chappal Waddi akwai kusan mita dubu biyu, bambancin ya kai digiri goma sha uku, ga iska, ga rigarka jiƙe da gumi. Rigar sanyi da hular sanyi da busasshiyar safa su shiga leda, su kwanta a ƙasan jaka.

Waya: sauke taswirar yankin tun kana gari, domin na'urar nuna wuri tana aiki ko ba sabis. Da ka shiga daji sa ta a yanayin jirgin sama, in ba haka ba neman sabis zai shanye cajin kafin Azahar.

Ranar tafiya

Yi Asuba, karya da abu mai riƙe ciki, sha ruwa sosai, ku kama hanya da gari ya waye. Awoyi ukun farko su ne ribar yinin.

Samu sanda mai ƙwari daidai ƙirjinka, busasshiya daga ƙasa, ba sarewa za ka yi ba. Renja a gaba, mafi rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Tafiyar ayari tafiyar mai rauni ce. Kada wanda ke gaba ya ɓace wa na bayansa, kuma duk inda turba ta rabu biyu a tsaya sai kowa ya iso.

Minti ashirin na farko ka tafi a hankali har ka ji kunya. Ma'aunin shi ne magana: in ba za ka iya yin hira ba tare da haki ba, ka yi sauri. A hawa, gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba. Inda ya miƙe sosai, bi shi a karkace, dama da hagu, kamar yadda jaki ke hawan tudu da kaya. Jaki ya fi mu sanin wannan aiki. Huta minti biyar zuwa goma duk awa, a tsaye ko a kan dutse, kada ka kwanta. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba, jefa dabino biyu a baki kowane hutu. Fitsari ne ke gaya maka gaskiya: in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi maka kaɗan.

Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya nan take, cire takalmi, manna filasta. Minti biyu ne. In ka ce sai an huta, bororo ya riga ya tashi.

Riƙa waiwaye. Turba tana da fuska biyu, yadda take a zuwa ba haka take a dawowa ba. Duk mararraba, juya ka kalle ta ta inda za ka fito mata, ka riƙe wata alama, ko itace mai rassa biyu ko dutse mai tsagu.

Rafi

Ruwan Gashaka garai-garai yake, yana gangarawa ya ciyar da kogin Taraba da Binuwai. Amma haskensa ba shaidar tsabta ba ce, akwai shanu da namun daji a sama. Tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a can ƙololuwa sama da mita dubu biyu a ba shi minti uku, ko a sa ƙwayar tace ruwa.

Wajen ƙetarewa, bi mashigin da renja ya nuna. Kwance ɗamarar jaka, don in ka faɗi ka iya zame ta. Fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara sanda a gabanka, matsa a gicciye, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Dutse mai kore-kore santsi ne. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba a shigarsa. In ka ga ruwan ya fara yin ja yana kawo ganye da itace, an yi ruwa a sama ko da nan rana ake yi, fita daga kwarin. Kuma kada a yi wanka a gurbi mai zurfi ba tare da an tambaya ba, akwai dorina da kada a manyan kogunan.

Masu dajin

Kowa zaki da damisa yake tambaya. Abin da zai dame ka ya fi haka ƙanƙanta: kwarkwasa, ƙudan zuma, kaska, tsando. In ka ga baƙin layin kwarkwasa ya ƙetare turba, tsallake da sauri, kada ka tsaya kallo a kusa. Cusa ƙafar wando cikin safa. In zuma ta taso, rufe fuska ka gudu nesa, kada ka tsaya kora.

Akwai ɓauna, akwai gwaggon biri garke-garke, akwai mazo da gyado. Akwai kuma babban birin nan chimpanzee, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ana jin amon daga nesa. Gashaka na cikin muhimman wuraren da ya rage a Najeriya. Ganinsa sa'a ce, yawanci sai dai ka ji kukansa ko ka ga gadon ganyen da ya kwana a kai a saman itace. In Allah ya haɗa ku, yi shiru, tsaya nesa, kada ka miƙa abinci. Murarmu tana kama shi, tana iya kashe shi. Ɓauna kuwa, musamman wadda take ita kaɗai, ja da baya a hankali ka bar mata hanya.

Maciji: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. Taka kan gungume ka duba kafin ka sauka bayansa. Kakkaɓe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire zobe da agogo, a ɗora wa gaɓar sanda a naɗe ta yadda ba za ta motsa ba, a ɗauki mutumin, kada ya taka, a nufi asibiti. Maganin dafi allura ce, kuma awoyin da aka ɓata a wurin mai magani su ne ke kashe mutane.

Da rani makiyaya kan ƙone ciyawa a tuddai. Wuta ta fi gudu in tana hawa, saboda haka kada ka tsere mata sama. Nufi inda ya riga ya ƙone, ko dutse tsirara, ko bakin rafi.

Rugage, sallah, kwana

A kan tuddan akwai ƙauyuka da rugagen Fulani da doka ta bar su a cikin gandun. Gidan mutane ne. Yi sallama daga nesa, jira a amsa, bari renja ya kai ka wurin Jauro ko Arɗo ka gaishe shi: Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, wucewa za mu yi. Goro ko suga ko ganyen shayi ba sa nauyi a jaka, kuma suna buɗe ƙofa. Kada ka ɗauki hoton mata ko shanu sai an yarda. Kada ka ratsa tsakiyar garke. In an kawo nono ka saya da daraja, in ɗanye ne a tafasa.

Sallah ba ta da wuya a nan. Matafiyi ne kai, tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka taso. Duba alƙibla da safe, tana arewa maso gabas, hagu da inda rana ta fito, domin a cikin kurmi da tsakar rana gabas da yamma duk ɗaya ne. Ɗebi ruwa a buta ka yi alwala a gefe. Bayan gida kuwa, yi nisan taku saba'in daga ruwa da turba, tona rami kamar taƙi guda, ka rufe in ka gama. Mutanen ƙasa wannan ruwan suke sha.

Kafa tanti tun da sauran rana, a wuri mai ɗan tudu, ba cikin busasshen rafi ba, ba ƙarƙashin mataccen reshe ba. Wuta ƙarama, a kewaye ta da duwatsu, a share ciyawar gefe. Kafin a tashi a kashe ta da ruwa har ka iya taɓa tokar da hannu. Duk abin da ka shigo da shi, har takardar alewa, ka fita da shi.

Saukowa

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi jin ciwo. An gaji, an yi hoto, hankali ya koma gida, gwiwa tana rawa. Kafin ka juya, zauna ka ci wani abu, ka sake ɗaure igiyar takalmi tamau a wuyan ƙafa don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Sassauta gwiwa, kada ka miƙar da ita. Gajeren taku. Kada ka jingina baya, nan ne ƙafa ke zamewa ka zauna daɓas, bar nauyinka a kan ƙafafunka. Sanda ta riga ka sauka. A wurin tsakuwa ko busasshen ganye, juya gefe ka sauka a gicciye. Inda ya yi tsaye ƙwarai, juya ka fuskanci dutsen, ka sauka kamar mai saukowa daga tsani. Ku ba juna tazara, wanda ya ture dutse ya yi ihu don na ƙasa ya kauce. Kada ka kama ciyawa ko siririn reshe ka saki nauyinka a kai. Kuma kada a yanke hanya, gajeriyar hanya a jikin dutse sau da yawa bakin kwazazzabo take kaiwa.

In ka duba ka ga ba kowa, ba kuma ka gane turbar ba, tsaya cak. Zauna, sha ruwa, ka tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi. In yana kusa kuma kana ganin sawunka, koma. In ba haka ba, zauna inda kake ka busa usur sau uku, ka saurara, ka sake. Mai nema ya fi saurin samun wanda ke zaune. In duhu ya kama ka, sa rigar sanyi, tara ganye ka zauna a kai, jira safiya.

Da kun iso ƙasa, koma ofis ka shaida musu kun fito, ka gaya musu abin da ka gani, ko tarko ne ko itacen da ya faɗi ya tare turba. Sallami 'yan dako hannu da hannu, kowa nasa, ka yi wa renja ihsani. Kira gida. Da dare duba jikinka da tocila, hammata da matsematsi da bayan gwiwa, in ka samu kaska kama ta daf da fata ka ja a miƙe. Cinya za ta yi tsami kwana biyu ko uku, wannan ba komai. Amma in zazzaɓi ya zo cikin makonnin da suka biyo baya, je a gwada jininka, ka kuma gaya wa likita daga dajin da ka fito.